Lokotoron Baba Mai Baƙar Jaka

A cikin buhun takardar ƙunshin tsire littattafan suka shigo Matameye. Mai tsiren bakin tasha, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa, daga wajen Daura ake kawo masa tsofaffin takardu a kan kilo: jaridun da suka kwana biyu, littattafan makarantar da aka daina aiki da su, har da takardun jarrabawar ƴaƴan mutane da jan biro a kansu. Duk wanda ya ci tsire a garinmu a shekarun nan ya lashi yaji a kan Ingilishi bai san me aka rubuta ba, don mu Faransanci aka ɗura mana a lakwal, wato makarantar boko. Wata ranar kasuwa ya zazzage buhu, sai ga ƴan littattafan zane ɗaure da roba. Takardarsu mai santsi ce, ba ta shan mai. Ya gwada shafi ɗaya, mai ya zubo wa wani direba a riga, direban ya zage shi tas. Da yamma ya miƙo su ta kan katanga ya ce a ba yara su yi wasa. A hannun Baba suka faɗa, don shi ne ke kwance a gindin katangar.

Abin da ya kwantar da shi ƙaba ce. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a fadamar wajen Kance yana noman rake, yana sungumar dami shi kaɗai don kada a ce ya nemi taimako, har hanji ya samu ƙofa ya fara saukowa inda bai kamata ba. Ciwo ne da ɗa ba ya zancensa da uba, sai dai in ga ya dafe mara ya yi shiru, ni kuma in kalli wani wuri. Majo na asibitin garinmu, wato babba a cikin masu jinya, shi ya ja ni gefe ya faɗa mini ba kwana-kwana. Ya ce aikin ba wani mai wuya ba ne, amma sai Damagaram, kuma kada mu tsaya jira. Ranar da hanjin ya murɗe, in ji shi, ba lallai motar da ta ɗauke shi ta isa da shi da rai ba.

Baba ya ce ba za shi ba. Kuma yana da hujja, wadda ta fi ƙarfin duk karatuna. Shi ne mai yanka a unguwarmu. Suna, layya, sadaka, shi ake aika wa ya zo da wuƙarsa. Ya ce tun yana saurayi yake kayar da raguna, bai taɓa ganin abin da aka kwantar aka sa wa wuƙa ya miƙe ya koma gida ba. Limamin unguwa ya zo ya yi masa nasiha, ya saurara da ladabi ya ba shi goro. Ƙanwata ta taso daga Kurni ta yi kuka har idonta ya kumbura, ya ba ta kuɗin mota. Ni kuma, da yake ina ganin kaina mai ilimi, na ɗauko allon lakwal da alli na zana masa cikin mutum, na nuna masa inda za a tsaga da inda za a ɗinke. Ya dubi zanen da kyau ya ce ai kuwa daidai da na rago, ya miƙo mini abina.

Ni mushe ne, malamin lakwal, kuma masu koyar da ƙananan aji ne kaɗai za su gane irin ciwon da ke damuna. Ba na iya ganin kuskure in wuce. Ko a jikin mota na ga an rubuta abu ba daidai ba sai na ji kamar in tsayar da direban. Babban yaƙina kuwa a aji shi ne da yaran da suka fito daga makarantar allo, waɗanda in ka ba su alli sai su nufi gefen dama su fara daga can. Na buga tebur a kan wannan har tafin hannuna ya yi kanta. Daga hagu ake farawa, daga hagu, kullum bakina ke nan. Baba kuwa bai taɓa taka lakwal ba. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami mai kyau kamar an buga da inji, kuma a wurinsa duk littafin da ke duniya ta dama ake buɗe shi.

Ranar da na dawo cin abincin rana na tarar da shi da tabarau a hanci da littafi a cinya, na riga na san abin da ke cikinsu, don na duba su da safe kafin in fita. Ingilishina na kwalej ne, ɗan kaɗan, ya ma fara tsatsa, amma ya isa. Daga Ingila suka fito, ga manyan motoci masu bene, ga ƴan sanda masu doguwar hula, ga ruwan sama a kowane shafi kamar ba su da rani. Labarin wasu mutane ne da ake biya su kashe mutum. Gwaninsu wani dogo ne siriri mai baƙar kwat da baƙar jaka, kullum da safar hannu, kuma ƙwarewarsa ita ce ya yi aikin ta yadda kowa zai ce hatsari ne ko ajali. Wai kuma abin dariya ne. Turawan nan, wallahi, ba su da abin yi.

Baba ya buɗe shi ta baya, yana bi daga dama. Na ajiye jakata na matso, har na miƙa hannu zan juya masa. Sai ya riga ni magana.

"Zo ka ga wani bawan Allah, Mushe."

Mushe yake kirana, rabi girmamawa rabi tsiya, don ni ne ɗan fari, sunana ba ya fita bakinsa.

Ya ɗora yatsa a kan hoto. Wani mai tumbi ne zube a kujera, wuya ya langaɓe, ido ya kafe. Ya matsar da yatsa zuwa hagu: ga dogon nan tsaye a bayansa ya soka masa allura a wuya. Ya buɗe shafi: ga mai tumbi zaune garas yana shan shayi yana karanta jarida. Baba ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in duba, allura ɗaya. Ya wuce gaba. Wani tsoho a gado ya sandare, dogon ya zo ya cire masa matashin da ya toshe masa fuska, tsohon ya samu barci mai daɗi, can kuma ga shi yana goge haƙora. Wani ya nutse a bahon wanka, dogon ya kamo shi ta gashi ya tsamo shi, har ga shi nan yana waƙa da sabulu a ka. Akwai ma motar da ta yi raga-raga a jikin itace, dogon ya shiga ƙarƙashinta da kayan aiki, sai ga ta tana sheƙa gudu a titi kamar sabuwa. Baba ya ce ka ga mutumin kirki, lokotoro ne, wato likita, kuma bai raina kanikanci ba.

Mai zanen yana son manyan hotuna, biyu a jere ko ɗaya ya cika shafi, kuma yana son ɓoye gawa sai ka juya takarda ka ci karo da ita. Shi ya sa in ka bi ta baya da gawar kake fara gaisawa. Har ƙarshen littafin ya zauna wa Baba daram. Inda mu ƴan lakwal za mu ga wani attajiri yana miƙa wa dogon ƙunshin ladan kisa a shafin farko, Baba a shafin ƙarshe ya gan shi, ya ce dubi nan, ya mayar masa da abinsa, bai karɓi ko sisi ba.

Na ja numfashi. Maganar ta riga ta taru a bakina, da misalai, da hujjoji, har na fara da cewa, "Baba, ai wannan littafin…"

Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Inna ba ta karatu ta dama ba ta karatu ta hagu, amma fuskata tana karanta ta tun ina cikin zani. Kuma ba ta yi mini magana kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. In tana da saƙo sai ta faɗa wa abin da ke kusa da ita. Ranar tukunya ta faɗa wa. Ta ce wa tukunyar, yau ce rana ta farko da mutumin nan ya ambaci lokotoro bai tofar da yawu ba, don haka duk mai ilimin da ya cika masa ciki ya tafi lakwal ya sauke shi can, nan gida ne.

Na haɗiye. Baba ya tambaye ni littafin me, na ce ai wannan littafin takardarsa mai kyau ce.

Daga nan wahalata ta fara. Baba, da ya daina fita saboda ciwo, sai ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gida, tsofaffin unguwa suka dawo majalisa wurinsa. Kullum bayan la'asar sai an buɗe littafi, ta baya, a gaban idona, ni da gwamnati ke biya don in hana yin haka. Abokan dogon, waɗanda ke taruwa a wata mashaya mai duhu suna ba juna labarin waɗanda suka aika lahira, Baba ya ce majalisar lokotoroci ce, suna shawara kan marasa lafiya. Wata mace a cikinsu mai yawo da igiya, ya ce ungozoma ce. Ba ko'ina abin ke tafiya sumul ba, don a wasu shafukan hotuna na sauka daga sama zuwa ƙasa, sai mutum ya warke a sama ya sake faɗuwa a ƙasa. Baba bai damu ba. Ya ce mai zanen ne ya koma baya don ya nuna yadda ciwon ya fara. Wani tsoho mai gardama, dillalin awaki, ya tambaya me lokotoro ke yi da bindiga a cikin jaka. Baba ya ce masa shi da bai taɓa wuce Kurni ba ina zai san halin manyan birane, can ko mai magani sai ya kare kansa. Majalisa ta goyi bayan Baba. Ni ina gefe a kan benci ina gyaran takardun yara, ina danna jan biro har yana huda takarda.

Shafi ɗaya ne kawai ba ya son a daɗe a kansa. Shi ne farkon littafi na biyu a lissafinsa. Maƙabarta ce, ana ruwa, ana saka akwati a rami, dogon yana tsaye daga nesa riƙe da lema. A gaskiyar labarin ya zo ne ya tabbatar aikinsa ya yi kyau. Baba ya ce wannan shi ne wanda danginsa suka kawo a makare, dubi yadda lokotoron ya tsaya can abin ya dame shi. Ranar da ya faɗi haka kowa a majalisa ya kalli ƙasa, don kowa ya san zancen Damagaram. Dillalin awakin ma bai yi gardama ba.

Sai kuma ga wata sabuwa. Baba ya ce yana son ya ji abin da mutumin ke faɗa, wato rubutun da ke cikin ɗan zoben da ke fita daga bakin kowa. Na ce Ingilishina bai kai ba, wanda rabin gaskiya ne. Ya ce to in kawo wanda nasa ya kai. Ya ma san wanda yake so: mushen Ingilishi na kwalej, abokina, mutum mai tsoron Allah da tsoron ƙarya, irin wanda in ka tambaye shi ya gida sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya ce lafiya.

Na ɗauko shi a bayan babur, duk hanya ina masa bayani. Ya ce shi fa bai iya ƙarya ba. Na ce ni ma ban iya ba, koyo nake, kuma ran tsoho ne a kai. Ya ce a nemo wata hanya. Na tsayar da babur a gaban masu sayar da rake na ce masa liman ya gwada, majo ya gwada, ƙanwata ta gwada da hawaye, ni na gwada da alli, in yana da wata hanyar ya sauka ya nuna mini. Bai sauka ba.

Ya durƙusa ya gaida Baba, aka kawo masa ruwa, aka miƙa masa littafi a buɗe ta baya. Na ga hannunsa ya motsa zai juya shi, irin motsin da nawa ya yi, na yi gyaran murya. Baba ya ɗora yatsa a kan zoben da ke fitowa daga bakin dogon a wurin bahon wanka. Ko ni da ɗan Ingilishina na gane abin da ke ciki: mita yake yi wai mutumin ya jiƙa masa sabon takalmi. Mushen ya karanta a zuci, ya share goshi, ya dube ni, ya dubi Baba.

"Baba, cewa yake sannu, Allah ya ƙara sauƙi."

Baba ya ce duk wannan dogon rubutun sannu ce kawai? Mushen ya ce haka Ingilishi yake, yana da tsawo. Aka nuna masa wani zoben, ya ce nan ma sannu ce. Wani, ya ce ya jiki ne. Wani, ya ce gaida mutan gida. Da ya ga hanya ta buɗe sai ya bi ta a guje, bawan Allah, har ya gama littafin bai fassara komai ba sai gaisuwa. Baba ya jinjina kai ya ce ashe mutanen Ingila sun fi Bahaushe gaisuwa. Tun da na mayar da mushen gida ya daɗe in mun haɗu a hanya sai ya tsallaka wancan gefen.

Ban ga lokacin da Baba ya yanke shawara ba. Wata safiya ina ɗaure takalmi zan fita ya kira ni, ya yi mini tambaya biyu. Lokotorocin Damagaram suna sa safar hannu? Na ce suna sawa. Allura suke fara yi kafin su taɓa mutum? Na ce ita ce farko. Ya ce to in je tasha in kama mana gaban mota, don ba zai iya matsin baya ba. Inna na shara a tsakar gida. Ta gaya wa tsintsiya cewa mai zuwa tasha ya yi sauri kafin wani ya sake tunani.

A jakarsa ya sa riga biyu, da tasbaha, da buta, da littattafan.

Lokotoron da zai yi aikin matashi ne, Bahaushe, kuma don Allah ya jarrabe ni sai ya kasance dogo siriri. Ya zo zagayen yamma da safar hannu, da wata ƴar jaka baƙa rataye a kafaɗa. Baba na ganinsa ya yunƙura ya zauna, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwan da ya ɓata. Lokotoron ya duba shi, ya ce gobe da safe in Allah ya so. Har ya juya, Baba ya ce ya dakata. Ya laluba jaka ya ciro littafin da ya fi so, mai allura da baho, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce kyauta ce, don tun da ya shigo ya ga kamarsu ɗaya da mutumin ciki, kuma yana fatan aikinsu ma iri ɗaya ne.

Wannan kam ban shirya masa ba, babu babur, babu hanya, babu lokacin bayani. Lokotoron ya yi godiya ya buɗe littafin ta hagu, kamar kowane ɗan lakwal. Na ga idonsa ya bi attajirin da ƙunshinsa, ya bi mai tumbi da shayinsa, ya juya shafi, ya tsaya a kan allurar, ya sake juyawa. Murmushinsa ya tsaya cak a inda yake. Ya ɗago ya dubi Baba, sannan ya dube ni. Ina tsaye a bayan gadon ina girgiza kai, ina haɗa hannu, ina nuna dama da haɓa, duk a lokaci guda, kamar mai farfaɗiya.

Baba ya karɓe littafin daga hannunsa, cikin haƙuri irin na mai koya wa yaro, ya kifa shi ya buɗe ta baya.

"Kai ma ɗan lakwal ne. Ta nan ake farawa."

Ya kama bin hotunan da yatsa, lokotoron na sunkuye yana bi. Mai tumbi ya farfaɗo, na baho ya fito, attajiri ya karɓi ƙunshinsa. Masu jinyar da ke biye da shi suna jira, marasa lafiyar sauran gadaje sun miƙo wuya, shi kuwa bai katse tsohon ba har ƙarshe. Sannan ya rufe littafin ya sa a jakarsa.

"Baba, wannan ya fi ni. Amma zan kwatanta."

A waje ya tare ni ya tambaya wa ya koya masa wannan karatun. Na ce ba kowa, shi ya koya wa kansa, ni mushe ne ma, aikina gyara. Ya ce in na gyara masa kafin gobe, ni da shi ne. Ya tafi yana dariya shi kaɗai har ya sha kwana.

Da safe aka tura shi a gado mai taya, yana jan tasbaha, ya ɗaga mini hannu kamar mai tafiya kasuwa. Ƙofa ta rufe. A nan ne tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Ni na san abin da ke cikin littafin. Ni na san cewa da ƙarya na kawo ubana inda za a kwantar da shi a sa masa wuƙa, kuma in bai tashi ba, ba ni da shafin da zan juya. Na fita na zauna a gindin wata bishiya cikin ƴan jinya masu dafa shayi da wankin kwano. Sauran littattafan na cikin jakarsa a hannuna. Na ciro ɗaya don in kashe lokaci, na buɗe yadda na saba, kowa na shiga da ƙafarsa yana ƙarewa a kwance. Na rufe da sauri. Na duba dama da hagu ko akwai wanda ya san ni, sannan na kifa shi na buɗe ta baya. Na karanta shi haka har ƙarshe, na sake, kuma ba zan ɓoye ba, ya taimaka.

Da aka fito da shi na ɗauka ya rasu. Fuska ta yi fari, baki a buɗe, hannu ya saki, tasbahar an ɗaura masa a ƙarfen gado. Mai jinya ta ce barcin allura ne, aiki ya yi kyau, in zauna in bar zagaye gadon ina tare mata hanya. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Rana ta karkata kafin ya motsa. Ya buɗe ido ya rufe, ya sake buɗewa, ya bi silin da kallo, ya bi ƙarfen ƙarin ruwa, har ya iso kaina. Leɓensa ya bushe, sai da na kai kunne.

"Ka gani ko, Mushe? Da kwanciya ake farawa."

Na ce haka ne, Baba. Hawaye na zuba mini, ni da ban yi kuka a gabansa ba tun ranar kaciya. Ya nemi ruwa, mai jinya ta ce ba yanzu ba.

Ya warke sarai. Ya koma fadama, sai dai an hana shi ɗaukar dami, yana tsaye da sanda yana ba da umarni yana ɓata wa ƴan ƙwadago rai. Majalisa ta gaji da littattafan ta koma zancen farashin gero, Inna ta jefa su cikin kwalla tare da tsofaffin zannuwa. Mushen Ingilishi ya dawo yana amsa gaisuwata.

Da damina ta zagayo matata ta haihu, ranar suna Baba ya ce ba wanda zai yanka ragon jikarsa sai shi. Aka fito da ragon da sassafe, fari ne mai baƙin kunne. Muka kayar da shi ni da mai tsire, muka fuskantar da shi gabas, na danne ƙafafun baya. Baba ya durƙusa a hankali saboda ɗinkin, ya gwada kaifin wuƙar a farcen babban yatsa, ya shafa wuyan ragon. Ba tare da ya ɗago ba, da muryar da ni kaɗai zan ji, ya ce:

"Wannan dai ta hagu aka buɗe masa nasa littafin."

Wato ya san yadda labarin yake in an bi ta hagu. Ko a gadon asibiti ya gani a hannun lokotoro, ko tun a gindin katanga ya juya ya duba ya zaɓi wanda zai iya kai shi Damagaram, ban sani ba, kuma har ya koma ga Allah shekaru bayan haka ban tambaye shi ba. Ragon ya ji hannuna ya yi sanyi, ya fizge ƙafa ɗaya ya harbe ni a gwiwa.

"Riƙe da kyau, Mushe," in ji Baba, sannan ya yi bisimilla.